Musayar Waƙa: Jawabin Uban Ango Bayan Walima

Mahaifin ango:

Assalamu alaikum. Ɗana na fari aka ɗaura wa aure, kuma kowa ya san cewa a al'adarmu uba ba ya miƙewa cikin taro ya yabi ɗan fari, ko sunansa ma ba ya kamawa, shi ya sa ƙanena ne ya nemo auren kuma shi ya karɓa. Abin da ban iya faɗa a wurin walima ba shi ne na zuba a baituka, duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon da na ɗauka.

Na fara da sunan Rabbana Mai iko,
Shi ne ya nufe ni da ganin wannan safiya.

Yaro, ban taɓa kama sunanka ba,
Ba ƙi ba ne, gadonmu ne na kunya.

Na ga ka ɗauki ɗawainiyar ƙannenka,
Ban ce maka komai ba, na bar shi a zuciya.

Yau baffanka ya karɓo maka aure,
Shaidu sun ji sadaki, an ce an biya.

An raba goro, an shafa Fatiha,
Abin da ya saura nauyi ne bisa wuya.

Ci da sha da sutura da wurin kwana,
Haƙƙi ne a kanka, ba kyauta ba ce ga amarya.

Natsuwa da ƙauna da jin ƙai aka ambata,
A Suratu Rum ka duba aya ta 21.

In ranka ya ɓaci ka fita ka sha iska,
Ba a yanke hukunci a tsakiyar hayaniya.

Allah ya yi albarka, ya haɗa ku cikin alheri,
Ya ba ku zuriya ɗayyiba da zaman lafiya.

Waliyyin amarya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni na ba da ita a madadin yayana, saboda haka ina da ta cewa, ko da kaɗan ce.

Mun ji, Alhaji, mun kuma gode,
Wanda ya ba da 'ya shi ya san zafin rakiya.

Da gangan muka ƙi tsawwala sadaki,
Rubu'in dinari ya wadatar a Malikiyya.

Ba akwatunan lefe muka ƙirga ba,
Asali muka bincika da kuma tarbiyya.

Da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi aure,
Manzon Allah ya ce ya yi walima ko da akuya.

To kada ya ci bashi don a yabe shi,
Bashin biki shi ke hana ango kwanciya.

Sharaɗinmu guda ne, an faɗa gaban shaidu,
Karatunta da ta fara kada ya tsaya.

Gwaggon ango:

Yaya, ka yi mini afuwa, kai ma malam waliyyi haka, amma akwai abin da ku maza kuka saba tsallakewa a duk lokacin da ake nasihar aure, kuma tun da mu mata ne muke kai amarya ɗakinta, mu muka fi ganinsa.

Daren kai amarya mu ke kewaye ta,
Ba ta jin komai sai haƙuri da biyayya.

Kowa ce mata yake, yi na yi, bari na bari,
Wa ya zaunar da ango ya koya masa juriya?

Ɗana, ta bar ɗakin uwarta tana kuka,
Kai kana cikin abokai ana ta dariya.

Kuɗin sayen baki da suka zuba a faranti,
Baki kaɗai suka saya, ba su sayi soyayya.

Garar da iyayenta za su kawo,
Ba ta ɗauke maka cefane ba, kada ka juya baya.

Kada ka haɗa ta kishi da mahaifiyarka,
Kowace da matsayinta, ka tsaya kan gaskiya.

Ran da zazzaɓi ya kwantar da ita,
Kafin a kira mu, kai ne farkon mai jinya.

Mahaifin ango:

Gwaggonsu, bakinki ya fi nawa kaifi tun muna yara, kuma maganarki tana da madogara a Suratun Nisa'i, aya ta 19.

Maza aka umarta su zauna da kyautatawa,
Ko sun ga abin da ba su so, kada su yi ƙiyayya.

Ango:

Baba, Gwaggo, da Baffa waliyyi, ban kai in yi musayar baiti da ku ba, sai dai shiru bayan wannan nasiha zai zama rashin ladabi.

Na durƙusa, Baba, na ji, na karɓa,
Ba ni da abin da zan ce da ya wuce godiya.

Gwaggo, cefane da jinya na ɗauka,
In kin ga na kauce ki kira ni da tambaya.

Baffa, sharaɗin karatu yana nan daram,
Bayan buɗar kai ni zan mai da ita Islamiyya.