Gado ne ke sa wasu ɗalibai jin yunwa da tsakar dare?

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai da an idar da sallar isha'i yake ɓingirewa, da asuba kuma ya tashi yana neman koko da ƙosai. Ni kuwa sai ƙarfe sha ɗaya na dare karatu ke shiga kaina, lokacin ne nake zuwa teburin mai shayi a soya mini Indomie da ƙwai, da safe ko ƙanshin abinci ba na so. Mahaifina ma haka yake. Gado ne ko sabo?

Malamar kimiyyar halittu, Katsina:
Wa alaikumus salam, ɗana. Gado yana da hannu. Akwai agogo a jikin mutum wanda ƙwayoyin gado irin su CLOCK da PER ke juyawa cikin kusan awa 24, kuma gano yadda yake aiki a jikin wani ƙaramin ƙuda ne ya ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel a 2017. Wani bincike na 2019 a kan mutane kusan 700,000 ya gano wurare 351 a ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da zama mai sammako ko mai raba dare, sai dai tasirin kowannensu ɗan kaɗan ne, kuma yawancin waɗanda aka bincika Turawa ne. Shekarunka ma suna ciki, domin agogon yakan fi jinkiri a wajen shekara 20, daga nan ya riƙa dawowa baya.

Ma'aikacin jinya, Daura:
Malama ta yi bayani. Ni abin da ya dame ni shi ne Indomie ɗin nan. Babban agogon da ke ƙwaƙwalwa haske yake bi, na hanta kuwa lokacin cin abinci yake bi, saboda haka mai cika ciki da tsakar dare yana raba kan agogunansa ne. Da dare sinadarin melatonin mai kawo barci yana ƙaruwa, yana rage fitar insulin, wato sinadarin da ke rage sukari a jini, sai sukari ya daɗe a jini, musamman ga masu wani nau'i na ƙwayar gado mai suna MTNR1B. A Sifaniya, a 2013, an bi mutum 420 masu neman rage ƙiba, waɗanda ke cin abincin rana bayan ƙarfe uku suka fi jinkirin raguwa.

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa:
Na gode. To, in haka aka halicce ni, ina mafita, ga lacca ƙarfe takwas?

Malamar kimiyyar halittu, Katsina:
Ai agogon yana gyaruwa, a hankali. Bayan sallar asuba kada ka koma shimfiɗa, ka fita hasken hantsi ya same ka, ka karya ko da gurasa ce. Ka matso da abincin dare zuwa bayan magariba, ka rage kallon waya a duhu. Goro da shayi mai kauri kuma ka bar su tun la'asar, domin rabin sinadarin caffeine mai hana barci da ke cikinsu yana nan a jini bayan kamar awa biyar.