Murfi, bonet ko riga? Neman sunan "cowling" na ƙaramin jirgin sama

Jama'a, ga wata kalmar Turanci da nake so mu raba gardama a kan sunan da za mu ba ta da Hausa: cowling. Ita ce suturar nan da ke lulluɓe injin ƙaramin jirgin sama, daga bayan farfela zuwa inda gangar jirgin ta soma. Masu ƙera jirgi da hannunsu sun fi kowa sanin zafinta, irin masu sayen sassan jiragen RV na kamfanin Van's da ke Oregon a Amurka su harhaɗa, ko masu bin zanen Burt Rutan, injiniyan nan mai tsara jirage. A jirgin da kamfani ya gama, an riga an yi lissafinta. Su kuwa su za su yanka, su goge, su gwada, su sake yankawa.

Sunayen da aka fi kawowa su ne murfin inji da bonet. Wasu sun ce kube, wasu kwanso. Ni dai tun yanzu in faɗi inda na karkata: rigar inji. Amma ba na so a karɓa don na faɗa, sai mun leƙa cikin abin mun ga aikinsa.

Yawancin waɗannan jirage injinsu ba shi da lagireto. Injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180, ko Continental O-200 mai 100, iska ce kawai ke sanyaya su. Silindoji huɗu ne a kwance, biyu dama biyu hagu, kowace jikinta cike da siraran faifayen ƙarfe a jere, irin waɗanda kowa ya sani a injin babur. Bari mu kira su haƙarƙarin silinda. Zafi yana fitowa daga ciki ya bi haƙarƙarin, iska ta bi ta tsakaninsu ta kwashe shi.

To ga inda gizo ke saƙar. Tsakanin haƙarƙarin nan matsatsi ne, iska kuwa malalaciya ce, in ta ga hanya mai sauƙi ba za ta bi mai wuya ba. In ka bar inji tsirara a gaban jirgi, iskar za ta bugi fuskar silindojin gaba ta kauce ta gefe. Na baya su gasu, har bayan na gaban ma ba zai samu rabonsa ba. Sai an tilasta mata.

Yadda ake tilasta matan shi ne a raba cikin suturar gida biyu. Iska ta shigo ta ramuka biyu da ke gefen cibiyar farfela, ta faɗa wani fili a saman inji, ta rage gudu, matsinta ya ƙaru. An toshe gaba da baya da gefe da faifayen alminiyom, an bi bakinsu da roba mai jure zafi wadda ke manne wa suturar ta ciki. Ƙasan inji kuma a buɗe yake zuwa wata mafita a ƙarƙashin jirgi, inda matsi ya yi ƙasa. Sama matsi, ƙasa sako-sako, babu hanya tsakaninsu sai ta cikin haƙarƙari. Bambancin matsin nan shi ne sanyayawar gaba ɗaya. Da incin ruwa ake auna shi, kuma abin da irin waɗannan injuna ke nema bai wuce inci biyar zuwa bakwai ba. Ana iya auna shi da siririn tiyo mai garai-garai da aka lanƙwasa aka zuba wa ruwa, baki ɗaya a kai shi sama, ɗayan a kai shi ƙasa, a duba yadda ruwan ya rinjaya.

Wannan ne ya sa ban yarda da murfi ba. Murfi aikinsa rufewa, kuma in abu ya yi zafi a ƙarƙashin murfi, hankalin kowa zai ba shi ya ɗaga murfin ko ya huda shi. A nan kuwa wanda ya huda saman suturar don "inji ya sha iska" ya zubar da matsin da ya tara, zafin silinda sai ya ƙaru. Sunan da zai tura mai gini ga wannan kuskure ba suna ba ne, tarko ne.

Bonet ma haka. Wani ɗan'uwa da ya kawo ta ya ce makanikai sun santa, me ya sa za mu wahalar da kanmu? Malam, gaskiyarka ta fuskar sabo, kuma ba ni da ƙyamar kalmar aro, farfela da silinda ma ai aro ne. Amma bonet ɗin mota ana iya cire shi a yi tafiya, lagireto da fanka na nan suna aikinsu. Cire suturar nan daga jirgin da aka tsara da ita, ka rushe hanyar iskar baki ɗaya. In muka ba su suna ɗaya, mai karatu zai ɗauka aikinsu ɗaya.

Akwai wanda ya ce kwaroro. Siffar ta yi daidai, amma kalmar ta riga ta samu wani aikin a bakin jama'a, mu bar ta can.

Kube ta fi ba ni wahalar ƙi. Kube ana yin sa daidai jikin abin da zai shiga, ba ya lilo, kuma yana da santsi da tsini kamar hancin jirgi. Matsalarsa baki ɗaya gare shi, abin da ya shiga ta nan zai fito. Abin da muke wa suna kuwa rayuwarsa duka mashiga ce da mafita, kuma mafitar ta fi muhimmanci fiye da yadda sababbin masu gini ke zato. Kwanso ma a rufe yake ruf, sai an fasa.

Bari in tsaya a kan mafitar nan, domin a nan ake tafka asara. In inji ya yi zafi, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya faɗaɗa ramukan gaba. Sau da yawa ba zai ga wani canji ba. Iskar da za ta shiga ba ta wuce wadda za ta iya fita ba, saura sai ta yi ambaliya ta bakin ramin ta bi ta waje. Mafita ce maƙogwaron tsarin. In ta yi ƙanƙanta, ko bututun salansa da ƙafar tayar gaba suka cunkushe ta, matsi ya taru a ƙasan inji, bambancin ya ragu. In ta yi faɗi da yawa, inji ya yi sanyi amma jirgi ya rasa gudu, domin duk iskar da ka shigar ka rage mata gudu ka fitar da ita a gajiye tana jan jirgi baya. Wannan jan shi nake kira turjiyar sanyaya, kuma kaso ne mai tsoka na turjiyar ƙaramin jirgi mai santsin jiki.

Ga lissafin da ke sa abin ya yi wuya. Matsin da gudu ke bayarwa yana ninkuwa huɗu in gudu ya ninku biyu. A kilomita 150 cikin awa, kusa da ƙasa, duk abin da iska za ta iya ba ka inci huɗu ne da ɗoriya na ruwa. A kilomita 300 ya kai kusan 17. Lokacin hawa sama, inji na aiki iya ƙarfinsa, gudu kuwa kaɗan ne, zafi ya yi yawa matsi ya yi kaɗan, sai ɗan abin da farfela ta ƙara. Lokacin tafiya a miƙe an rage wuta, matsi kuma ya yi yawa har ya wuce buƙata. Mafita ɗaya ba ta gamsar da yanayin biyu. Shi ya sa wasu ke sa mata wani faifai mai maƙalli da matuƙi ke buɗewa in zai hau, ya rufe in ya daidaita. Wanda bai sa ba, sai ya sunkuyar da hanci kaɗan ya hau da gudu mai ɗan yawa. Kamfanin Lycoming ya sa iyakar zafin kan silinda a digiri 260 na Salshiyas, amma masu son injinsu ya daɗe ba sa barin ya wuce wajen 200.

Yanzu riga. Dalilina na farko, Hausa ta riga ta saba ba kayan da ba mutum ba riga: rigar filo, rigar katifa, rigar kujera. Ba ƙirƙira muka yi ba, layi muka bi. Na biyu, riga ana yanka ta daidai jikin mai ita, kuma kafofinta da gangan aka bar su, kowace da wurinta da girmanta. Wuya ba yagewa ba ne. In ka ce wa mutum rigar inji ta yage ko ta yi masa yawa, ya gane an samu matsala, ba kamar murfi da in ya buɗe ake ganin an samu sauƙi ba. Na uku, kalmar tana zuwa da ayyukanta: a sa wa inji riga, a tuɓe masa, rigar sama, rigar ƙasa, tunda yawanci gida biyu ake yin ta. Ita kanta kalmar Turancin daga sutura ta fito, asalinta hular da ke haɗe da rigar sufayen Kirista a Turai, daga Latin. Ba wannan ne hujjata ba, amma ya nuna ba mu yi nisa ba.

Wata 'yar'uwa mai aikin fassara ta kawo suka mai ƙarfi, ta ce riga ɗumi take kawowa, yaya za a kira abin sanyaya riga? Malama, wannan tambayar ita ce ainihin wadda injiniyoyi suka yi shekaru suna yi. A shekarun 1920 jirage da yawa na yawo da injin da silindojinsa ke zagaye kamar tauraro, a tsirara, don ana tsoron in an rufe shi zai ƙone. A 1928 Fred Weick da abokan aikinsa na NACA, hukumar binciken jiragen sama ta Amurka a lokacin, a cibiyarta ta Langley suka yi ta gwada siffofi iri-iri a babban ramin gwajin iska, har suka samu wadda ta rufe injin amma ta bi da iskar ta jikin silindoji ta fitar da ita ta wata siririyar tsaga a baya. Da aka sa wa jirgin Curtiss AT-5A, gudunsa ya tashi daga mil 118 zuwa 137 cikin awa ba tare da an ƙara wa inji ƙarfi ba. Hukumar ta samu lambar yabo ta Collier ta 1929, wadda ake bayarwa a fannin jiragen sama a Amurka, saboda wannan. A Ingila ma Hubert Townend ya fito da nasa zoben mai zagaye kawunan silindoji a daidai wannan zamani. Don haka in kalmar riga ta sa mai karatu ya tsaya ya ce "yaya haka?", ta kai shi bakin darasin ne.

Sauran sunayen na cikin gida ba su ba ni wahala sosai ba. Filin saman inji inda iska ke taruwa, zauren iska. Faifayen alminiyom da ke tare ta, madatsai, ɗaya madatsa. Robar bakinsu, leɓe. Mashiga da mafita kuwa suna nan tun fil'azal.

Leɓen nan ya cancanci a duba shi da kyau. Dole ya lanƙwasa ya fuskanci cikin zaure, don matsi ya danna shi jikin riga ya ƙara manne shi. In wajen sa rigar sama wani yanki ya juya baya, matsin ne da kansa zai buɗe shi, iska ta tsere ba ta taɓa silinda ba. In ka tuɓe rigar ka duba cikinta, za ka ga layin da robar ta goga. Inda layin ya yanke, nan ne yoyon yake. Wasu kan sa tocila a cikin zaure cikin duhu su leƙa ta mafita, duk inda haske ya ɓullo ban da tsakanin haƙarƙari a cike shi da jan silikon. Ƙananan ramuka ne, gefen birakit, kewayen waya, amma in ka tara su sai su yi girman tafin hannu. Masu injin Lycoming sun san silinda ta uku, ta dama a baya, da yawan zafi, domin haƙarƙarinta na ɓangaren da ke jingine da madatsar baya ba su da zurfi, madatsar ta toshe hanyar gangarawa. Ɗan sarari kawai ake bari a wurin, ko da da washa ɗaya ne, zafin ya sauka.

Sunayen sun tsaya ko da an juya tsarin. A jirage irin su Long-EZ na Rutan, wanda ya fara tashi a 1979, inji a baya yake yana turawa, iska na shiga ta ƙarƙashin ciki ta hau sama ta cikin haƙarƙari. Zauren ya koma ƙasa ke nan, amma zaure ne dai, madatsai madatsai ne. Injin Rotax 912 kuma kawunansa da ruwa ake sanyaya su, jikin silindojin da iska, don haka rigarsa na ɗauke da ƙarin mashiga ta lagireto.

Mu gwada su a jimla, yadda mai koyarwa zai faɗa wa yaronsa: "Tuɓe rigar sama, ka duba leɓen madatsar baya ko ya juya. In lafiya yake, ka auna matsin zaure da na ƙasa kafin ka taɓa mashiga." Ni dai harshena bai yi tuntuɓe ba.

Saura faifan nan mai maƙalli na bakin mafita. An ba ni ƙyaure, an ba ni harshe. Ƙyaure ya fi faɗin aikinsa, tunda buɗewa da rufewa yake yi, harshe ya fi faɗin siffarsa in ya zazzago a ƙarƙashin jirgi lokacin hawa. Na fi jin ƙyauren mafita, amma wanda ya taɓa ja da tura hannun faifan a cikin jirgi ya fi ni haƙƙin zaɓa.