Man fetur ya ninka kuɗi, me ya sa tituna ba su yi fayau ba?

Tambaya daga wani magidanci a Tudun Wada, Zariya:

Assalamu alaikum. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta kai dubu ɗaya a wurare da dama. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, har yau hanyar PZ zuwa Samaru cike take da ababen hawa kowace safiya. Shin tsada tana rage shan mai kuwa, ko dai mutane suna matse wata buƙata ne domin su biya?

Amsa daga wani malami a Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Tana ragewa, amma ba daidai da yadda farashin ya tashi ba, domin mai abin larura ne da ba shi da madadi na kusa. Ma'aikacin da ke zaune a Ƙofar Doka yana aiki a asibitin Shika dole ne ya je aiki ko nawa lita ta kai, don haka abin da yake fara yankewa shi ne ziyarar 'yan'uwa da tayar da janareta da dare. Babban sauyi sai a hankali yake zuwa, lokacin da mutum ya jingine motarsa ya koma babur, ko ya sa sola, ko ya mayar da yaransa makarantar unguwa. Ni kaina yanzu ranar Juma'a kaɗai nake fito da mota. A lura kuma cewa wani ɓangare na raguwar shan mai da aka gani a ƙasa baki ɗaya ya samo asali ne daga raguwar fasa-ƙwaurin mai zuwa Nijar da Benin da Kamaru.

Amsa daga wata uwargida a Sabon Gari:

Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai a madafa lamarin ya fi sauri, saboda mu muna da inda za mu koma. Da gas ya yi tsada ban jefar da tukunyata ba. Na daina cika kilo 12.5, ina sayen kilo biyu ko uku domin shayin safe da ɗumamen yara, wake da tuwo kuwa suka koma kan mangal. Matsalar ita ce duk unguwa haka muka yi a lokaci guda, sai buhun gawayi shi ma ya tashi, ga shi motar da ke kawo shi daga daji ita ma mai take sha. Hayaƙin itace da maƙwabciyata take shaƙa da goyo a bayanta yana damuna ƙwarai.

Amsa daga wani matuƙin Keke Napep:

Hajiya, mu ma abin ya taɓa mu. Idan muka ƙara kuɗi daidai da tashin mai, fasinjan gajeren zango tafiyarsa yake yi a ƙasa, don haka ragowar daga ribarmu take fita. Yanzu a Kwangila ina kashe inji in jira keke ya cika kafin in tashi.