Kuɗin bincike ko kuɗin magani?

Ɗan Azare: Ni fa har yanzu ina kan bakana, kuɗin da ake cewa a zuba a binciken su Lassa da korona asara ne. Asibitin ƙauyenmu ko farastamol babu, nas ɗaya ce ke karɓar haihuwa da tocila, sai a ce wai a gina lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, na biliyoyi?

Maman Yusra: Haba Malam, kai da kake Bauchi ma? Duk rani sai Lassa ta ɗebi mutane a jiharku har da ma'aikatan asibiti. Tun 1969 aka gano ta a garin Lassa na jihar Borno, yau sama da shekara 50 babu rigakafinta da aka amince da shi

Ɗan Azare: Hajiya ai ɓera ne ke kawo ta, a rufe abinci a share gida shikenan

Likitan Ƙauye: Ba shikenan ba ne yallaɓai. Ita da farko sak maleriya take, zazzaɓi da ciwon kai da kasala, sai a yi ta ɗura wa mutum maganin maleriya da na taifod sati ya wuce, kafin a ɗebi jini a tura wani gari sakamako ya dawo jiki ya riga ya lalace, kuma maganin ribavirin ɗin da muke ba masu Lassa sai an fara da wuri ake sa ran ya yi amfani. Abin da nake roƙo gwaji ne irin na maleriya, ɗigon jini minti kaɗan. To wa zai ƙera shi in ba masu bincike ba?

Baban Khalifa: Ni dai da na ji kalmar bincike Kano 1996 nake tunawa, gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin sanƙarau, yara 11 suka rasu. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake

Maman Yusra: Allah ya jiƙansu. Amma Baba ai wannan hujjata ce ba taka ba, wanda ya biya kuɗi shi ke da ta cewa. Da muna da wurin haɗa rigakafi a Yaba ta Legas, har na zazzaɓin shawara ana yi, aka bar shi ya mutu a 1991, Senegal kuwa wurin haɗa rigakafinsu, Institut Pasteur na Dakar, bai daina nasa ba. Sannan ku tuna Ebola 2014, lab ɗinmu na cikin gida ne suka tabbatar da ita a jikin Patrick Sawyer, wanda ya shigo da ita Legas daga Laberiya, mutum 20 suka kamu 8 suka rasu aka tsayar da ita

Ɗan Azare: Naji. Amma a Abuja shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 2001 za a ba lafiya kashi 15 na kasafi, an cika? Daga cikin ɗan abin da ake sakin ne za a yanko na lab

Likitan Ƙauye: To ka ga faɗanka da masu kasafi ne ba da masu lab ba

Ɗan Azare: Da su duka ne wlh. In an saki kuɗin ma wa zai bi sawunsu kar su ƙare a motoci da taron bita a otel? Ku ba ni amsar wannan tukuna