Neman shawara: in sayi kyamara da kuɗin riɗina, ko in bi maganar Baba?

Ɗan Taura:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar ɗaukar hoto, musamman masu cin abinci da ita.

Ni matashi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Na gama sakandare, ban samu halin ci gaba ba, noma nake yi tare da mahaifina. Tun da na mallaki waya, babu abin da ya shiga raina kamar hoto. Ranar kasuwar Gujungu ko ba ni da abin saye sai na je, in zagaya wajen masu awo da cikin kara, in ɗauki abin da ya burge ni. Akwai hoton wani dattijo mai dukanci da na ɗauka yana ɗinkin linzami, zare a bakinsa, hasken hantsi ya sauka a kan yatsunsa. Duk wanda na nuna wa sai ya daɗe yana kallo.

Bana riɗin gayaunata ya yi kyau, na sayar, kuɗin suna hannuna. Ni kyamara nake so. Baba kuma ya ce in sayi injin ban ruwa mu shiga noman rani a fadama. Hujjarsa ita ce yanzu kowa da waya a aljihu, wa zai biya ni don hoto? Bai hana ni ba, ya ce guminka ne, amma na ga abin bai kwanta masa ba. Kuɗin kuwa ba za su sayi duka biyun ba.

Shin ana rayuwa da wannan sana'a a karkara? Idan ana yi, ta ina ake farawa, kuma wace kyamara ce daidai da mai ƙaramin ƙarfi?

Tsohon mai hoto, Gumel:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi wannan sana'a tun zamanin fim, lokacin da fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, ka gama ka tattara ka shiga mota zuwa Kano a wanke maka, ba ka san abin da ka ɗauka ba sai takarda ta fito. Da ita na yi aure, da ita na gina ɗakin da nake kwana. Don haka ba zan ce maka ba sana'a ba ce.

Amma maganar mahaifinka tana da tushe. A da, ranar Sallah layi ake yi a ƙofar shagona, samari da 'yan mata kowa da sabon ɗinki. Wannan kasuwar waya ta cinye ta, ba kuma za ta dawo ba. Abin da ya rage shi ne wanda waya ba ta iya ba mutum a hannu: fasfo na cike takardar makaranta ko neman aiki, hoton saukar karatu da za a sa a firam a rataye, hoton biki da ake so a albam, hoton ƙungiya ko na 'yan ajin ƙarshe. Shi ma yana da lokacinsa. Bayan kaka, hatsi ya shiga rumbu, kuɗi na hannun mutane, nan ne bukukuwa suke yawa. Da damina ta faɗi kuwa sai ka yi makonni ba a kira ka ba. Wanda ba shi da gona a irin wannan lokacin, kyamararsa yake fara sayarwa.

Shawarata, ka sayi injin. Ka samu albarkar mahaifinka, ita ce gaba da komai. Sannan ka roƙe shi kwana biyu a mako ka je Ringim ko Hadejia ka zama yaron wani mai situdiyo. Ka riƙe masa fitila, ka ɗaukar masa jaka, ka ga yadda yake tsayar da mutane, yadda yake yanka farashi, yadda yake karɓar kafin alƙalami. A hannunsa za ka taɓa kyamara ba tare da ka sayi taka ba, kuma a nan za ka gane ko son hoto kake yi ko son kyamara.

Mai situdiyo, Wudil:

Baba na Gumel ya yi magana, Allah ya ƙara girma. Sai dai ni zan ɗan bambanta da shi a wuri ɗaya. Ƙanena, ba lallai sai ka zaɓi tsakanin kyamara da inji ba. Abin da ke kawo kuɗin yau da kullum a ƙauye firinta ce, kuma ba ta kai kyamara tsada ba.

Akwai ƙaramar firinta ta Canon mai suna Selphy, tana fitar da hoto mai girman inci 4 da 6 cikin kamar minti ɗaya, a bushe, ba ya zuba idan ruwa ya taɓa shi. Daga waya kai tsaye take karɓar hoto. A takarda ɗaya za ka jera fasfo da yawa ka yanka da almakashi. Da wayarka, da farin yadi ɗaya da ja ɗaya na rataya a baya, da kujera, da batir ko 'yar sola, ka buɗe sana'a a bakin makarantar garinku. Mutanenku yanzu kuɗin mota suke kashewa su je gari don fasfo huɗu. Ka dai tambayi kuɗin takarda da tawadarta kafin ka saya, domin a tare ake sayar da su kuma nan ne tsadarta take. Idan aiki ya yi yawa, irin Epson mai tankin tawada ta fi sauƙin kuɗi a kan kowane hoto, amma tana son wuta, kuma idan ta daɗe ba a yi aiki da ita ba bakinta yana toshewa.

In ka zo sayen kyamara, kada ka nemi sabuwa. Ta hannu irin Canon 600D ko Nikon D3200 ta ishe ka shekaru. Tsofaffi ne, sun haura shekara goma da fitowa, amma D3200 megafiksel (ma'aunin girman hoto) 24 gare ta, ya wuce abin da firam ɗin bango yake buƙata. Ka je da wanda ya sani. A duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a cikinta yana da iyakar kwana. A haska tocila cikin gilashin gaba a ga ko akwai fumfuna. A ɗauki hoton farin bango a buɗe shi a kwamfuta, idan akwai ɗige-ɗige a wuri ɗaya a duk hotunan, ƙura ta shiga ciki. Daga baya ka ƙara gilashi mai lamba 50mm f/1.8, shi ne mafi araha a cikin masu kyau, yana fito da fuska ya narkar da baya, kuma yana aiki a ɗaki mai ƙarancin haske.

Babban abokin gabarka a ƙasarmu ƙurar hunturu ce. Kada ka taɓa cire gilashi a fili ana iska. Batir biyu, katin memori biyu, kuma duk aikin da ka yi ka ajiye shi wuri biyu kafin ka goge katin.

Manomin rani, Auyo:

Ni ban san hoto ba, inji na sani. Ka sa a lissafinka cewa sayen inji farkon kashe kuɗi ne. Akwai tiyo, akwai haƙa rijiyar burtsatse idan ba a bakin kogi kuke ba, ga taki, ga fetur da tun da aka cire tallafi a 2023 ya zama shi ne rabin wahalar manomin rani. Amma idan Allah ya kiyaye, albasa ko alkama ta kaka ɗaya tana iya fitar maka da kyamarar. Ka zauna da Baba ku yi magana a fili tun yanzu: kason ka na amfanin rani, na kyamara ne. Iyaye suna son a zo musu da tsari.

Mai hoton biki, Hadejia:

Ƙanena, ni mace ce, kuma cikin gida nake aiki, wajen kamu da wuni da sa lalle, inda namiji ba ya shiga. Duk abin da aka faɗa maka na kayan aiki gaskiya ne, amma akwai abin da ya fi su, kuma shi ne yake kashe masu hoto a garuruwanmu.

Hoton mutane amana ce. Amarya ta yarda ta buɗe fuska a gabanka don an ce kai ne mai hoto, ba don duniya ta gan ta ba. Na san wani yaro mai hannu ƙwarai, ya ɗora hoton amaryar mutane a Facebook don tallar aikinsa, bai tambayi kowa ba. Kafin magariba hoton ya zagaya wayoyin samarin garin, maganar ta kai gaban mai gari. Har yau babu gidan da ke kiransa. A birni mutum zai iya canza unguwa, a ƙauye kuwa kowa ya san gidan ubanka.

Don haka ka sa wa kanka doka tun kana da waya kaɗai. Ba ka ɗaukar matar aure sai da izininta da na gidanta. Ba ka ɗaukar yara ka watsa sai iyayensu sun sani. Wayarka da katinka ba sa zuwa hannun abokai a majalisa. Wanda ka ɗauka a kasuwa, ka nuna masa, idan ya ce goge, ka goge a gabansa. Dattijon nan mai dukanci da ka ambata, ka wanke hoton ka kai masa kyauta. Za ka ga yadda ƙofofi za su buɗe maka.

Kuma idan kana da ƙanwa mai natsuwa, ka koya mata. Rabin aikin biki a cikin gida yake, kai ba za ka taɓa kai wa gare shi ba.

Ɗan Kazaure:

Ni tambayata ɗaya, ya hukuncin abin yake a addini? Kada a yi ta lissafin riba a manta da wannan.

Malamin Islamiyya, Ringim:

Tambaya ce mai kyau. Malamai sun yi saɓani. Akwai waɗanda suka hana hoton mai rai sai don lalura kamar katin shaida, akwai kuma da yawa da suka ga hoton kyamara kamar kama inuwa ne, ba sassaƙa ba, hukuncinsa yana bin abin da aka ɗauka da abin da za a yi da shi. Ɗan Taura ya je ya zauna da malamin da ya yarda da iliminsa a garinsu. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin tona asiri da yaɗa tsiraici, wanda Hajiya ta Hadejia ta riga ta yi bayani.

Ɗalibi a Jami'ar Tarayya, Dutse:

Yayana, duk an yi maganar abinci, ni bari in yi maganar abin da ya sa ka rubuto. Wanda ya tsaya ya lura da haske a kan yatsun baduku, ba fasfo ne ya dame shi ba. Kada neman na cefane ya kashe maka wannan idon.

Kuma kada ka ɗauka zaman ƙauye naƙasu ne. Sani Maikatanga, mai ɗaukar hoto na Kano, ya zo na ɗaya a gasar hotuna ta Wiki Loves Africa ta 2023, kuma hoton ambaliyar Auyo ne ya ba shi, nan cikin Jigawa. Fati Abubakar ta Maiduguri ta fara ɗora hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a Instagram a 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da jihar ba sai tashin bam, kuma da wannan aka san ta har ƙasashen waje. Dukansu abin da ke yankinsu suka ɗauka.

Kai kana da abin da ɗan birni sai ya yi tafiya ya nemi izini kafin ya gani. Kaɗe riɗi a kan tabarma, tsinkar zoɓo, kamun kifi a fadama, sharo, dambe bayan kaka, kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, hawan Sallah a masarautunmu biyar. Masaƙa da maƙera da majema suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya ka samu wanda ya ajiye hotonsu da sunan sana'arsu da garinsu. Ka zaɓi abu ɗaya ka bi shi shekara guda, misali riɗi tun daga shuka har buhu ya hau mota. Kowane hoto ka rubuta wuri da rana da abin da ake yi.

Wannan duk waya ta isa. Ka riƙa fita da sassafe ko bayan la'asar, domin ranar tsaka tana ƙona farar riga ta bar fuska cikin duhu. Idan dole ne da rana, ka kai mutum inuwar bishiya ko bakin zaure ya fuskanci waje. Ka daina zuƙo hoto da yatsa, ka taka ka matsa. Manhajar Snapseed kyauta ce don gyara, amma kada ka goge fatar mutum har ya zama ba shi ba. Abu ɗaya game da gasar da na ambata: hoton da ka ɗora a can ka ba kowa izinin amfani da shi ne muddin ya ambaci sunanka, sai ka san wanda za ka saka.

Ɗan Taura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Baba maganar Baba na Gumel da ta manomin Auyo. Ya yi shiru, sannan ya ce idan na tsaya a kan ban ruwa da gaske, kasona na albasa ba zai tambaye ni abin da na yi da shi ba, kuma ya yarda da zuwa koyon aiki ranakun da ba mu da ban ruwa. Injin za mu saya. Na lissafa, ɗan abin da zai rage ba zai kai firinta ba sai na haɗa da tunkiyata.

Yaya na Wudil, idan na samu firintar, nawa zan riƙa karɓa a fasfo? Ina tsoron in faɗi kuɗi mutanen garinmu su ce na yi tsada, ga shi duk 'yan uwa ne.

Mai situdiyo, Wudil:

Ka raba kuɗin kwalin takarda da yawan takardun ciki, ka san nawa kowace ɗaya ta tsaya maka. Ka ƙara na caji, da na wadda za ta lalace, da ladanka. Sannan ka tambayi abin da ake karɓa a Ringim. Ko daidai da nasu ka karɓa, mutumin garinku ya huta da kuɗin mota da ɓata wuni. Ka rubuta farashin a kwali ka manna, ya zama ɗaya ga kowa. Wanda kake so ka yi wa kyauta ka yi masa kyauta a fili, amma bashi kada ka fara shi, don takarda da kuɗi hannu ake sayo ta a Kano. Kafin ka sayar da tunkiyar, ka turo mini hoton firintar da aka nuna maka da lambar da ke jikinta ta akwatin saƙo, in duba maka ko ana samun takardarta.