Rumbun bayanan shagona ya koma tafiyar hawainiya, ina na kuskure?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wani shagon intanet da ke kan manhajar rumbun bayanai ta MySQL 8. Da farko komai garau, amma tun da teburin oda ya haura layi miliyan ɗaya, shafin da ma'aikata ke duba odojin da aka biya yau sai ya ci daƙiƙa 6 ko 7 kafin ya buɗe. Akwatin binciken kaya ma haka, kwastoma kuwa ba ya jira. Na ƙara wa sabar RAM, shiru. Sai na bi kusan kowane ginshiƙi na teburin na ɗora masa fihirisa (index, jerin da ke hanzarta nemo layi a tebur), har guda 11. Saurin bai samu ba, shigar da sabuwar oda ma ya ƙara nauyi. Na kunna rajistar tambayoyi masu jinkiri, inda MySQL ke rubuta umarnin neman bayanai da suka daɗe, wayam, ba ko layi ɗaya. Don Allah a taimaka.

Wani tsohon hannu: Wa'alaikumus salam. Malam, rajistarka ba ta yi ƙarya ba. Shi long_query_time, wato lokacin da tambaya za ta haura kafin a rubuta ta a rajistar, yana zuwa ne a kan daƙiƙa 10, taka tambayar kuwa 7 take ci, don haka a wurinsa lafiyarta ƙalau. Sauke shi zuwa 0.5, ka bar shagon ya yi yini guda cur yana aiki, sannan ka ba manhajar pt-query-digest fayil ɗin rajistar. Amfaninsa shi ne yana tara tambayoyi masu kama ɗaya ya jera su bisa jimillar lokacin da suka cinye. Sau da yawa ɓarawon ba wadda ta fi daɗewa ba ce, wata 'yar ƙarama ce da ake maimaitawa sau 40 a shafi ɗaya, ɗaya ga kowane kaya da ke cikin jerin.

Batun RAM kuma, ka duba innodb_buffer_pool_size, wato yawan RAM da MySQL ke riƙe bayanai a ciki? Asalinsa megabait 128 ne. In ba ka ɗaga shi ba, ka gina ɗaki ne ka bar shi a kulle.

Wata 'yar uwa: Turo mana tambayar kanta da abin da EXPLAIN, umarnin da ke nuna yadda MySQL ke gudanar da tambaya, ya ce. Ba a rubuta magani ba a ga mara lafiya ba.

Mai tambaya: Ga ta: WHERE status = 'paid' AND DATE(created_at) = CURDATE() ORDER BY created_at DESC. A EXPLAIN, type ya nuna ALL, sai kuma Using filesort.

Wata 'yar uwa: Yauwa, ga ciwon nan a fili. ALL na nufin MySQL yana karanta teburin ne daga farko har ƙarshe. Fihirisar da ka ɗora wa created_at tana nan, amma ka lulluɓe ginshiƙin da DATE(), dole sai ya lissafa wa kowane layi kwanan watansa kafin ya kwatanta. Cire shi, ka ce created_at ya kai farkon yau amma bai kai farkon gobe ba. Ma'ana ɗaya ce, sai dai yanzu zai iya tsalle kai tsaye zuwa inda yau ta fara.

Fihirisar status kuwa ita kaɗai ba ta tsinana maka komai. In yawancin odojinka an biya su, bin fihirisar ya fi karanta teburin wahala, shi ya sa ya yi watsi da ita. Abin da kake buƙata fihirisa ɗaya ce mai ginshiƙi biyu, status a gaba, created_at a baya. Kada ka juya su. Kamar rajistar makaranta ce da aka jera aji aji, cikin kowane aji kuma da sunaye: in ka san ajin, shafi ɗaya za ka buɗe ka tarar da sunayen a jere. Wanda ake nema da "daidai da" shi ke gaba, mai zango ya biyo baya. Da haka filesort ɗin ma, wato aikin jera layukan bayan an nemo su, zai ɓace, don layukan sun riga sun zo a tsare.

Wani ɗan uwa: Binciken kayan, in da umarnin LIKE kake yin sa, mai alamar % a farkon kalma, fihirisa ta yau da kullum ba ta da ta cewa. Fihirisar FULLTEXT, ta binciken kalmomi cikin rubutu, za ka nema.

Tsohon hannu: Saura fihirisa guda 11 ɗin nan. Kowace oda ta shigo sai an sabunta su duka, nauyin da kake ji ke nan. Duba sys.schema_unused_indexes, jerin fihirisar da ba a amfani da su, amma da hattara, lissafinsa daga ranar da aka tayar da sabar yake farawa, kada ka goge wadda rahoton ƙarshen wata ke dogaro da ita. Na taɓa yin wannan gangancin, ban ji da daɗi ba. Ka fara mayar da ita INVISIBLE, wato MySQL ya daina amfani da ita wajen nema ba tare da an goge ta ba, in wata ya zagayo ba wanda ya yi kuka, sai ka goge. Ka sani dai, kafin ka goge ana ci gaba da sabunta ta, rubutu ba zai yi sauƙi ba tukuna.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na gyara tambayar, na ɗora fihirisar, shafin yanzu kafin ƙiftawar ido ya buɗe. Rajistar kuma ta fito min da wata tambayar kwandon sayayya da ban taɓa zargi ba, ita ce ma ta ɗaya a jerin. Zan turo EXPLAIN ɗinta anjima in na tashi daga aiki.