Wane suna za mu raɗa wa "cemba" ta masu nutso?

Salamu alaikum jama'a. Masu aikin nutso a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Legas, da waɗanda ake kwasa zuwa rijiyoyin mai na cikin teku, suna da wani tanki na ƙarfe da suke kira "cemba". Mutum ake sakawa a ciki a rufe. Sunansa nake nema da Hausa, amma bari in fara da aikinsa.

Duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a tudu. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da yake shaƙa naitirojin ce, matsin nan kuwa shi ke narkar da ita cikin jini da tsoka. In ya taso sannu a hankali, huhu zai fitar da ita. In ya yi garaje, sai ta yi kumfa a jikinsa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka ɓalle murfi. Gaɓoɓi su ɗau ciwo, wani jikinsa ya shanye, wani ma rai ya yi halinsa. Maganin shi ne a sa shi a tankin, a mai da masa matsi irin na zurfin mita 18, yana shaƙar oksijin zalla, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har kusan awa 5.

Wani daga Agege ya ce: Malam, ai "ɗakin matsi" ya wadatar. Gajere ne, ba ya wahalar faɗa.

Alhaji, a Legas ɗin nan? Ka ce wa ɗan acaɓa an kai wane ɗakin matsi, zai ɗauka ɗakin haya ne na mutum takwas a Idi-Araba. Kuma abin ba gini ba ne, ana ɗora shi a jirgin ruwa.

Daga Mile 12: To "tukunyar iska" fa? Ko "ɗakin sacewa", kamar yadda taya ke sacewa.

Yaya, tukunyar iska tana da mai ita, wadda suke goyawa a baya da ta asibiti. "Sacewa" kuwa ta burge ni, don ta kama fitar iska a hankali, sai dai a rubuce ɓarawo za a fara tunawa. Ga kuma babbar matsalarta: tankin ba ragewa kaɗai yake yi ba, ƙarawa yake fara yi. Ku tuna Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4 da ya kife a tekun Najeriya a 2013. Ya yi kusan awa 60 a 'yar iskar da ta maƙale cikin jirgin, a zurfin mita 30. Da masu ceto suka same shi ba su fito da shi tudu kai tsaye ba, don da hakan ya kashe shi. Cikin matsi aka hau da shi, ya ƙara kwana biyu da wani abu a tankin. Akwai ma masu aikin zurfi da kan yi makonni suna kwana suna tashi a cikinsa, suna shaƙar iska mai hiliyam da ke sirantar da murya.

Don haka ni a ganina suna biyu muke bukata. Na'urar mu ce mata "tankin matsi", tunda direbobin tanka na Apapa da masu sayar da ruwa duk sun san tanki. Aikin ragewar mu ce "sassauta matsi". A gwada a baki: an sa shi a tankin matsi, ana sassauta masa. Ba inda harshe ya sarƙe.

Daga Obalende: Na yarda da tanki. Amma masu aikin ba za su bar "cemba" ba.

Ba sai sun bari ba, ƙanena, tsakaninsu su ci gaba. Wanda nake ji shi ne ɗan'uwan mai nutso da za a bugo wa waya Kano ko Sakkwato a yi masa bayani. Saura sunan shi kansa ciwon: na ajiye "ciwon kumfar jini", wanda ke da sunan da ya fi shi ya kawo.